Wanda Ya Sha na Ƙarshe a Tsohon Doki

Da hantsin ranar Litinin aka bugo wa Sufeto Neville Foxall waya, aka ce an tsinci gawa a mashayar Tsohon Doki, wadda ke bakin mashigin jiragen ruwa a ƙauyen Brindmoor. Mai raba wasiƙu ne ya tarar da ƙofar baya a buɗe, ya leƙa, ya fito a guje.

Kafin Sufeto ya iso tare da mataimakiyarsa Saje Sandhu, mutanen ƙauyen sun cika hanyar bakin ruwa maƙil. An jibge furanni a bakin ƙofa. Wasu har da allunan zanga-zanga, an rubuta a jiki: A CECI MASHAYARMU.

Foxall ya ja dogon tsaki. Ya san irin wannan taro. Ya gan shi a ƙofar kowace mashaya da ta mutu a bakin mashigin nan, kuma sun mutu da yawa. Mutanen da ke lodo giyar gwangwani daga babban kanti su ƙule a falo gaban talabijin, ran da aka garƙame mashayar unguwa su ne kan gaba wajen kuka.

"Dube su," ya ce wa Sandhu. "Da rabinsu sun riƙa leƙowa ko ran Juma'a ce, da mutumin nan bai rufe ba."

"Yallaɓai, suna jin ka."

"Su ji mana."

Gawar Desmond Hingley, mai mashayar, wanda kowa ke kira Des, tana kwance a gindin matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye gangunan giya. Tun shigowar sanyi ya rufe saboda rashin ciniki, amma bai tashi ba, a saman benen yake zaune shi kaɗai.

Likita ta ce tun jiya da rana ya cika. Kuma ba faɗuwar ce ta kashe shi ba, an fara maka masa wani abu mai nauyi a ƙeya.

Abin bai yi nisa ba. Yana yashe a bayan kantar sayar da giya: lanƙwasasshen ƙarfen nan da 'yan jirgi, masu zama a cikin jiragen mashigin, ke murɗa ƙofofin tare ruwa da shi. An yi wa mariƙinsa fentin jajayen furanni. An goge mariƙin da tsumma, amma jinin da ke bakinsa yana nan.

Suna fitowa wani mutum ya tare su, ya sha kwat irin ta zuwa coci, ƙirji a gaba, bajon ƙungiya a maƙale.

"Gordon Pargeter," ya ce, yana miƙo hannu. "Shugaban ƙungiyar ceto mashayar nan. Na san ka gan ni a jarida."

"Ban gani ba. Yaushe rabonka da shiga ciki, Mista Pargeter?"

"Tun ran da Des ya sa kwaɗo. Ba na iya ganin wurin a haka, Sufeto, zuciyata ba za ta ɗauka ba. A nan fa na girma."

Sandhu ta zo wucewa da ƙarfen cikin leda. Pargeter ya bi shi da kallo, ya rage murya, amma ba ragewar da za ta hana na baya ji ba.

"Wannan ai fentin Rita Tranter ne. Kowa ya san shi. Ba wai ina zargin kowa ba ne, amma ka san halin 'yan jirgi. Yau suna nan, gobe ka neme su ka rasa."

Taro ya ɗauki guna-guni, kawuna suka juya wajen ruwa. Foxall ya lura da yadda fuskokinsu suka saki. An samo musu mai laifi, kuma ba ɗan ƙauye ba ne.

Jirgin Rita Tranter na ɗaure ƙasa kaɗan da ƙofar ruwa, dogo siriri, hayaƙin gawayi na fita ta bututu. Ta haura sittin. A jirgi aka haife ta, a jirgi ta yi aure, a jirgi mijinta ya mutu ya bar ta.

"Misis Tranter, yaushe kika ga Mista Hingley na ƙarshe?"

"Na manta. An kwana biyu."

"Kin shiga mashayar jiya?"

"Me zai kai ni? Ba a rufe take ba?"

Sandhu ta ɗago wata tukunya mai fentin jajayen furanni. "Wannan fa, Misis Tranter? A kicin ɗinsa muka same ta, da farfesun rago a ciki, ko tsami bai yi ba."

Rita ta dubi tukunyar, ta dubi taron da ya biyo su har bakin jirgi. Ta kashe murhunta, ta kulle ƙofa, ta miƙa hannuwa. Da aka wuce da ita wata mata ta ce, "Dama mun faɗa," da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ko zama Foxall bai yi a ofis ba shugabansa Sufurtanda ya kira shi.

"Ga makami, ga fentinta a jiki, ga ƙarya ta yi. Me kake jira, Neville? Gobe da rana ka kai ta kotu, ko in ba wani aikin."

Foxall bai yi musu ba, don ya san mutumin. Ya kuma san abin da zai biyo baya. Mace mai waɗannan shekaru in aka ɗaure ta kan kisan kai, gawarta za a fitar daga gidan yari. Jirgin kuma a ɗaga shi a sayar wa 'yan gwangwan.

Ya sami Rita a ɗakin tambayoyi, ta haɗe hannuwa a kan tebur.

"Me ya sa kika yi mana ƙarya?"

"Don na san inda za a ƙare. In keke ya ɓace a Brindmoor, jiragenmu ake fara dubawa. Kyanwa ta mutu, mu ne. Sai ga gawa, ka ce in ce na shiga?"

"To kin shiga?"

"Kullum da safe nake kai masa abinci. Tun da ya rufe, wa ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce Des ka ci wani abu? Masu allunan can? Hoto kawai suke zuwa ɗauka a ƙofa."

"Mene ne tsakaninki da shi?"

Ta yi masa wani irin kallo. "Kai ɗan nan, a famfonsa muke ɗiban ruwa. Adireshinsa muke bayarwa a asibiti, don jirgi ba shi da lambar gida. In ruwa ya daskare muka kasa motsi, a gaban wutarsa muke wuni. Da mijina Len ya rasu, 'yan coci suka ce an riga an kama zaurensu. Des ne ya buɗe mana ɗakin baya muka yi zaman makoki. In kashe shi in koma ina?"

"Ƙarfen fa?"

"Na Len ne. Ni na yi masa fenti da hannuna. Ran da aka binne Len, Des ya roƙe ni ƙarfen, ya rataye shi a bango bayan kanta, ƙarƙashin agogo. Je ka duba ƙusar."

"Wa ya san da haka?"

"Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantar nan, in dai yana da ido."

Da la'asar Foxall da Sandhu suka koma mashayar. Ƙusar na nan ƙarƙashin agogo. Hayaƙin shekaru ya rine bangon, amma ya bar siffar ƙarfen fes, yadda ko yaro zai gane abin da aka cire daga wurin.

"Ke nan duk wanda ke tsaye a nan zai iya miƙa hannu ya ɗauka," in ji Sandhu. "Kuma Mista Pargeter da ya ce a nan ya girma bai ga damar gaya mana ba."

"Shi da duk masu furannin can. Amma rashin mutunci ba laifi ba ne a doka, Saje. Da ya zama, da mun cika motoci."

A kan kanta akwai gilashi ɗaya da sauran giya a ciki, na Des. Dama Des ya rage ganga guda a ƙasa yana sha a hankali shi kaɗai. Foxall ya tsaya inda mai saye ke tsayawa, ya ɗora gwiwar hannu a kan katakon, ya ɗaga kai.

A jikin gungumen da ya gitta saman kanta, kofunan ƙarfe ne jere a ƙugiyoyi, sun fi talatin. Kowane tsohon mai zuwa da nasa. Babu suna a jiki, kowa ya san ƙugiyarsa. Ba a taɓa na wani, wanda ya mutu kuma nasa na nan a rataye har ginin ya faɗi. Uban Foxall ma yana da nasa a wata mashaya da yanzu ake sayar da kafet a cikinta.

Ya haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ta yi musu kauri, gizo-gizo ya yi saƙa daga wannan zuwa wancan. Wannan ba ƙurar 'yan watannin rufewa ba ce, ta shekaru ce. Abin ya ba shi haushi fiye da yadda ya zata.

Sai ya tsaya a kan na kusa da ƙarshe. Wannan yana ƙyalli. Ya sa safar hannu ya karkata shi, ɗigon ruwa ya gangaro daga cikinsa.

"An ɗauraye shi, an goge," ya ce. "Kwanan nan."

"Zanen yatsa?"

"Da tsumman da aka goge ƙarfen aka goge shi. Ba za mu samu komai ba."

"Yallaɓai, mutum ya kashe mutum, ya tsaya wanke kofi?"

"Ba shi ya wanke ba, hannunsa ne. Ubana ko gobara ake yi sai ya ɗauraye nasa ya rataye kafin ya fita. Des ya zuba wa wani giya jiya a cikin kofinsa na kansa. Rita ba ta da kofi a nan. 'Yan jirgi da gilashi ake ba su a ɗakin baya, ba a taɓa ba su ƙugiya ba."

Suka bi gidajen tsofaffin masu zuwa, suna tambayar ko na wa ne kofin kusa da ƙarshe, ba tare da sun faɗi dalili ba. Na farko ya ce idonsa ya yi rauni. Na biyu ya ce an daɗe. Na uku ya sosa kai ya ce shi nasa ma bai tabbata wanne ba ne. Foxall ya kasa gane ko rufa wa juna asiri suke, ko da gaske sun manta. Duka biyun ƙyama suka ba shi.

Washegari da safe ya sa aka sanar cewa 'yan sanda za su toshe tagogin mashayar da katako, don haka duk mai kofi ya zo ya ɗauki abinsa. Ya sa aka zo da Rita cikin mota, da ankwa a hannu, aka ajiye motar a bakin gada inda kowa zai gan ta. Yana so su saki jiki.

Suka zo kuwa, har da waɗanda ba su da kofi. Kyauta ce, kuma akwai ɗan jarida a waje.

Pargeter ya shigo gaba-gaba, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya fara jawabi a kan tarihi da zumunci da gadon kakanni. Foxall ya bar shi ya yi nisa, sannan ya je ya yaye labulen babbar taga. Rana ta faɗo a kan gungumen. Duk kofunan suka fito furu-furu da ƙura, guda ɗaya na walƙiya a cikinsu.

"Kowa ya ɗauki nasa," in ji Foxall. "Ba ni da lokaci."

Aka yi ta miƙa hannu. Wasu na hura ƙura suna tari, wasu na matse ido ko hawaye zai zo. Foxall bai dubi kowa ba sai Pargeter.

Pargeter ya katse jawabinsa. Ya matsa wajen ƙarshen gungumen, hannunsa ya tafi kai tsaye wajen mai ƙyallin, ya tsaya cak a iska. Sai ya goce, ya sauke na gefensa, mai ƙura, ya rungume a ƙirji.

"Gordon Pargeter!"

Wata tsohuwa ce daga kujerar kusa da murhu, Misis Edna Willetts, ta dogara sanda ta miƙe.

"Ajiye kofin mijina! Horace na kabari, ka sa ƙazamin hannunka a kofinsa? Uban wa ya koya maka haka?"

A wurin mutanen nan, da a ce aljihun gawa ya laluba da abin bai fi haka muni ba.

"Kuskure ne, Edna. Sun yi kama..."

"Kama? Kai da ka yi shekaru kana zama kusa da shi kana shan abin da ya saya maka? Ga naka can, mai lotsattsen gindi! Tun kana saurayi yake wurin."

Ta nuna da sanda. Kowa ya bi sandar da ido. Kofin mai ƙyalli ne.

Foxall ya tako a hankali. "Mista Pargeter, jiya ka gaya mini tun da aka rufe ba ka shigo ba. Wa ya wanke maka kofi?"

"Wataƙila Des ne. Wataƙila yana share-share."

"Ya tsallake talatin ya wanke naka kaɗai? Ashe yana ƙaunarka. To me ya hana ka ɗaukar abinka? Ni ban ce wa kowa akwai laifi a kofi mai tsabta ba."

Pargeter ya ƙara ƙanƙame kofin a ƙirji. Gumi ya keto masa.

"Bari in taya ka," in ji Foxall. "Ka zo ran Lahadi da rana. Tsoho ya karɓe ka, ya sauko da kofinka, ya zuba maka daga gangarsa ta ƙarshe. Kai kuma ka jira ya juya baya. Ko gaba da gaba ba ka iya ba, shugaba. Ta ƙeya ka bi tsoho."

"Ba ka san abin da ya ce mini ba!"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Sandhu ta matso ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me ya ce?" in ji Foxall.

Pargeter ya zube a kan kujera, har yanzu da kofin mamaci a hannu. Edna ta zo ta fizge abinta.

"Sayarwa zai yi," in ji Pargeter, muryarsa ta dushe. "Wa masu gina gidaje. Ya ce ya gaji da jiran ƙungiyar da ba ta iya komai ba sai taro. Na ce ya jira a gama zaɓen kansila da nake takara, saura kaɗan, sunana na kan wannan gwagwarmayar. Sai ya yi dariya. Ya sauko da kofina, ya hura mini ƙurar a fuska. A fuska, Sufeto! Ya ce zai kira ɗan jarida ya nuna masa, ya ga shekarun da shugaban ceto ya yi bai sayi ko kofi ɗaya a nan ba. Ya ce yana ganina ta taga ina shiga gida da katan ɗin gwangwani."

"Ƙarya ya yi maka?"

Pargeter ya ci gaba kamar bai ji ba.

"Sai ya zuba mini, ya ce in sha, wannan kyauta ce tun da na fi son ta banza. Na sha. Ya juya zai sauka ƙasa yana ta dariya. Ƙarfen na nan a bango... Ban san lokacin da na ɗauka ba."

"Amma ka san lokacin da ka goge shi. Ka kuma san lokacin da ka nuna mana jirgin Rita."

"Ai 'yar jirgi ce," in ji Pargeter, kamar wannan ya wadatar.

Waɗanda jiya suka ce dama sun faɗa, yau kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Foxall ya ce, "Gordon Pargeter, na kama ka bisa zargin kashe Desmond Hingley. Tashi."

Sandhu ta karanta masa haƙƙinsa. Foxall ya riƙe shi a damtse ya fito da shi ta babbar ƙofa, ta kan furannin, ba ta baya ba. Ɗan jaridar ya ɗaga kyamara. Pargeter ya kai hannu zai rufe fuska, a karo na farko a rayuwarsa.

A bakin gada Foxall ya buɗe motar. "Fito, Misis Tranter."

Ta fito da ƙyar. Ta dubi Pargeter, ta dubi Sufeto, ta gane. Idanunta suka cika, amma ba ta bar hawayen ya zubo a gaban mutanen Brindmoor ba.

Foxall ya zaro mabuɗi, ya kwance ankwar daga hannunta. Ta bar mata jan shaida a wuyan hannu. Bai mayar da ita aljihu ba. Ya juya Pargeter, ya haɗe masa hannuwa a baya, ya datse.

"Wayyo! Sufeto, ta matse ni. Ka sassauta mana."

"Tun daga ofis take hannun tsohuwar nan, ban ji ta yi ƙorafi ba."

Ya danna masa kai ya tura shi kan kujerar da Rita ta tashi, ya rufe ƙofa.